Kulle bayanai da gadon dukiyar intanet

Kulle bayanai, abin da ake kira chiffrement da Faransanci, dabara ce ta lissafi da ke mayar da rubutu, hoto ko murya su zama tarin haruffa marasa ma'ana, ba mai iya karanta su sai mai riƙe da makulli. Tsarin da aka fi aiki da shi a wayoyi da bankuna shi ne AES, wanda hukumomin Amurka suka amince da shi a shekarar 2001. WhatsApp kuwa tun watan Afrilun 2016 yake kulle dukkan saƙonni daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, shi kansa kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki.

Wannan ne ke sa mutum ya iya rubuta wasiyyarsa, da jerin asusunsa, da bashin da yake bi ko ake bin sa, ya ajiye su a waya ko a intanet ba tare da ɓarawo ko ɗan'uwa mai gaggawa ya leƙa ba. Amma kullen bai san magaji ba, makulli kawai ya sani. In mai shi ya rasu da lambar sirrinsa, takardar alƙali ba ta buɗe lissafi.

A nan akwai bambanci tsakanin dukiya iri biyu. Kuɗin da ke banki ko a Airtel Money da Moov Money suna hannun kamfani, saboda haka magada na iya neman su da takardar shaidar rasuwa da ta gado. Kuɗin kirifto irin su Bitcoin, in mutum ya riƙe su da kansa, ba su da ofishin da za a kai kuka. Kalmomi 12 ko 24 ne makullinsu, in sun ɓata dukiyar ta tafi. Kamfanin QuadrigaCX na Kanada ya rushe bayan shugabansa Gerald Cotten ya mutu a Indiya a Disambar 2018, aka ce shi kaɗai ya san makullan. Daga baya bincike ya gano cewa an riga an cinye yawancin kuɗin, wato uzurin ɓatan makulli ma yakan rufe zamba.

Manyan kamfanoni sun buɗe ƙofa ga magada. Tun 2013 Google ke barin mai asusu ya zaɓi mutane har 10 da za a ba bayanansa in ya daina shiga tsawon wata 3 zuwa 18. Facebook ya kawo wakilin bayan rai a 2015, sai dai wakilin ba ya karanta saƙonnin sirri. Apple ya biyo baya a ƙarshen 2021: magaji zai kawo makullin da mamacin ya ba shi tare da takardar rasuwa, amma ba a ba shi lambobin sirrin da aka adana a wayar. A Jamus, kotun ƙoli ta yanke a Yulin 2018 cewa asusun Facebook gado ne kamar wasiƙu.

Ga wanda ba ya son damƙa amana ga mutum guda, akwai dabarar da Adi Shamir ya fitar a 1979. Ana raba makulli gida biyar, misali, a tsara cewa sai uku sun haɗu kafin ya yi aiki. Mutum biyu ko sun haɗa baki ba za su samu komai ba, kuma in ɗaya ya rasu ko ya yi tafiya, sauran sun isa.

Riƙe makulli dai ba mallaka ba ne. A shari'ar Musulunci, wadda yawancin iyalai a Nijar ke bi wajen rabon gado, wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na dukiya, kuma abin da ke cikin waya ana haɗa shi da gona da shago a raba bayan an biya bashi.