Ciyar da 'ya'yan kurciya bayan barin sheƙa

Ɗan kurciya yakan bar sheƙa bayan kamar kwana 14 da ƙyanƙyasa, tun bai iya tsintar abinci da kansa ba. Yakan maƙale a reshen darbejiya ko kan katanga, yana kaɗa fukafukai yana kuka har iyayensa su zo. Yana zura bakinsa cikin na uwa ko uba, su kuma su amayo masa tsabar gero, dawa ko irin ciyawa da suka jiƙa a jakar maƙogwaronsu. A kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa wani farin ruwa mai kauri suke ba shi daga wannan jakar, kuma namiji ma yana samar da shi. Kyanwa da shaho sukan kama 'ya'yan kurciya da yawa bayan sun bar sheƙa.