Shara a Gindin Everest: Yadda Baƙi Suka Sauya Gidajen Khumbu

Khumbu yanki ne na tsaunuka a arewa maso gabashin Nepal, mazaunin ƙabilar Sherpa, kuma ta nan masu hawan Dutsen Everest ta kudu suke bi. Kafin 1953, shekarar da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ƙololuwar dutsen, da wuya gida a Khumbu ya tara abin da ƙasa ba za ta cinye ba. Ɓawon dankali abincin dabbobi ne. Kashin yak, wato saniyar tsaunuka mai yawan gashi, busar da shi ake yi a hura wuta. Toka da ganyen da ake zubawa a makewayi kuwa gona suke tafiya su zama taki.

Filin jirgin sama na Lukla da aka gina a 1964 shi ya buɗe wa baƙi ƙofa, har suka kai dubun-dubata a shekara. A garin Namche da ƙauyukan kan hanya gidaje da dama suka koma masauki, sharar baƙo da ta mai gida suka zama ɗaya: gwangwanaye, kwalabe, ledar taliya, matattun batura. Mutanen da ba su taɓa buƙatar bola ba sai suka riƙa haƙa rami a bayan gari suna zubawa suna ƙonawa. Itace ma ya fara ƙaranci saboda girkin baƙi da ruwan wankansu, shi ya sa bayan kafa gandun dajin Sagarmatha a yankin a 1976 aka taƙaita sara, murhu ya koma na kananzir, daga baya na gas.

A 1991 mutanen yankin suka kafa kwamitin yaƙi da ƙazanta da aka fi sani da SPCC. Ya gina ma'ajiyar shara a bakin hanya, ya koya wa masu masauki ware abin da ke ƙonuwa daga ƙarfe da kwalba. A 2014 gwamnatin Nepal ta wajabta wa kowane mai hawan Everest ya sauko da kilo 8 na shara, in ba haka ba ayarinsa ya rasa dala 4,000 da ya ajiye a matsayin jingina. Daga Janairun 2020 ƙaramar hukumar yankin ta haramta ledoji marasa kauri, dokar da ta shafi mai shago da uwargida kamar yadda ta shafi baƙo.

Sherpawa mabiya addinin Buddha ne masu girmama tsaunukansu, amma ba a raba wayewarsu kan tsafta da aljihu: baƙon da ya ga ƙazanta ba ya dawowa. Wannan ne ya sa tsafta ta fi ƙarfi a hanyar da baƙi ke bi, ramukan ƙona shara kuma suna nan inda idonsu ba ya kaiwa. Motoci ba sa zuwa Namche, saboda haka gwangwanin da ya hau a bayan ɗan dako ko dabba, haka zai sauko Lukla kafin jirgi ya kai shi Katmandu a sake sarrafa shi.