Gwauruwa Tsakanin Dangi da Ikilisiya

A majami'u da dama na Filato, Kudancin Kaduna da Adamawa, idan Kirsimeti ta gabato akan tara gwauraye a raba musu shinkafa da atamfa da ɗan kuɗin cefane. Aikin alheri ne, amma ya bar wata fahimta mai haɗari a zukatan masu bi: wai riƙon matar da mijinta ya rasu nauyin ikilisiya ne, su kuwa dangi nasu ta'aziyya da rabon gado. Littafi Mai Tsarki ya jera nauyin ne akasin haka. A sura ta 5 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, Bulus ya ɗora ciyar da gwauruwa a kan 'ya'yanta da jikokinta tukuna, ya ɗauki hakan a matsayin sāka wa iyaye wahalarsu, ya kuma lissafta wanda ya yi watsi da mutanen gidansa cikin masu musun bangaskiya. Asusun jama'a ya keɓe shi ga wadda ba ta da kowa, har ya sa shekara 60 cikin sharuɗɗan shiga jerin masu samun taimakon. Dalilinsa a fili yake: abin da ikilisiya ta kashe kan mai dangi masu hali, daga bakin marar gata aka cire shi.

Wani zai ce 'ya'ya da jikoki aka ambata, ba ƙannen miji ba. To, aya ta 8 ta faɗaɗa maganar zuwa dangi baki ɗaya. Kuma Rut, wadda ta yi kalar sha'ir ta ciyar da Na'omi, suruka ce, 'yar Mowab ma. Bo'aza kuwa dangin marigayi Elimelek mijin Na'omi ne, da ya fanshi gonar marigayin ya ɗauki nauyin matan tare da ita. Nan ne laifin wasu gidajenmu yake fitowa: da sunan zumunta ake karɓe gona da takardun gida tun ba a share makoki ba, amma ranar biyan kuɗin makarantar marayu sai a tuna da Zumuntar Mata ta ikilisiya. Wanda zumunta ta ba shi gado, ita ce kuma ta aza masa riƙo.

Masu kare al'ada sukan ce auren gado, inda ɗan'uwan mamaci ke ɗaukar matar, shi ne kariyar da kakanni suka tanada. Ya yi wannan aikin a zamaninsa. Sai dai taimakon da aka gindaya wa sharaɗin aure ciniki ne, alhali Bulus ya shaida wa Korintiyawa cewa mutuwar miji ta 'yantar da mace ta auri wanda take so cikin Ubangiji. Dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga mai gallaza wa gwauruwa da sunan al'ada.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne talauci. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar EYN a Kwarhi cikin Oktoban 2014, iyalai sun watse gaba ɗaya. Ɗan'uwan da za a ce ya riƙe gwauruwa shi ma yana sansanin gudun hijira, ko yana kabari. Irin waɗannan mata ne Bulus ya ce ikilisiya ta ɗauka kacokan, kuma yawansu ne ya sa baiko ba zai ishi kowa ba. Saboda haka ya kamata dattawan ikilisiya su zauna da dangin ɓangarorin biyu bayan jana'iza, kafin a taɓa gado, a rubuta wanda zai noma gonar, da wanda zai biya kuɗin makaranta, da inda matar za ta zauna.