Idan an kama yaro a Kurfai: sanar da iyaye da haƙƙoƙinsa a gaban shari'a

A dokar Nijar, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ko da ya yi gemu. Idan jandarma ko ƴan sanda suka kama shi bisa zargin sata a kasuwa, faɗa ko ɓatan dabba, hanyar shari'arsa dabam take da ta manya. Matakin farko shi ne sanar da iyayensa ko waliyyinsa, domin sauran haƙƙoƙin sun rataya ne a kan samun babba a gefensa.

Dokokin da ke aiki

Doka mai lamba 2014-72 ta ranar 20 ga Nuwamba 2014 ce ta tsara aikin kotunan yara a Nijar, bayan ta maye gurbin dokar 99-11 ta watan Mayu 1999. A ƙarƙashinta ne alƙalin yara, wanda takardun kotu ke kira "juge des mineurs", yake duba shari'ar yaran da ake zargi da laifi da kuma halin yaran da ke cikin haɗari.

Nijar ta kuma amince a 1990 da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, kuma tana cikin ƙasashen da suka karɓi Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da jin daɗin yara.

Shekaru ne ma'auni

Dokar hukunta laifuka ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2003, ta raba yara kashi biyu. Wanda bai kai shekara 13 ba, ba a yanke masa hukunci; sai dai a ɗauki matakin kariya ko na tarbiyya. Daga 13 zuwa 18, alƙali zai duba ko yaron ya san abin da yake yi. In bai sani ba, a sallame shi daga laifin, tare da yiwuwar matakin tarbiyya. In ya sani, ana sassauta hukuncin: a ƙananan laifuka ba ya wuce rabin na babba, kuma ba a yanke wa yaro hukuncin kisa.

Abin da ake dubawa shi ne shekarunsa a ranar da aka aikata laifin. Nan ne takardar haihuwa ke da nauyi. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su yi rajistar haihuwa. Wanda ya makara sai ya nemi hukuncin kotu da ke tsayawa a madadinta. Yaro ɗan shekara 16 mai girman jiki, in babu takarda, yana iya faɗawa sahun manya. Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2019 cewa idan an kasa tabbatar da shekaru, a ɗauke shi a matsayin yaro.

Sanar da iyaye

Ƙa'idojin Beijin na 1985 sun tanadi a sanar da iyaye ko waliyyi nan take da zarar an kama yaro. In hakan ya gagara, a yi cikin mafi ƙarancin lokaci. Sashe na 40 na Yarjejeniyar 1989 ya ƙara da cewa a faɗa wa yaron abin da ake zarginsa da shi, kuma a saurari shari'arsa a gaban iyayensa, sai fa idan kasancewarsu za ta cutar da shi, misali idan su ne suka tura shi.

Dalilin a bayyane yake. A shari'ar yau da kullum, tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya da izinin mai shigar da ƙara. A cikin waɗannan awoyi ne ake rubuta bayanin farko da Faransanci, kuma shi ne zai bi yaron har kotu. Yaron da ke jin tsoro yana iya amsa abin da bai yi ba, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa.

A gundumar Filinge, mai nisan kusan kilomita 180 daga Yamai, samun iyaye ba kullum yake da sauƙi ba. Uba na iya kasancewa a ci-rani, yaron almajiri ne daga wani gari, ko makiyayi ne da ya yi nisa da ruga, ko iyalin sun baro ƙauyensu saboda rashin tsaro. Shi ya sa kalmar waliyyi ke da muhimmanci: kawu, baffa, kaka ko wanda yaron ke hannunsa na iya gabatar da kansa. Mai gari ko mai unguwa na taimakawa wajen kai saƙo Shikal, Bonkuku ko Damana. Sai dai ikon sarakunan gargajiya na sasantawa ya shafi rigingimun al'ada da na dukiya. Hukunta laifi aikin kotu ne.

Sauran haƙƙoƙi

Lauya: ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin kama shi. Dokar 2011-42 da ta kafa hukumar ANAJJ ta sa yaron da ake tuhuma cikin masu samun taimakon shari'a kyauta. Da yake yawancin lauyoyi a Yamai suke, kotunan karkara kan naɗa mai kariya daga cikin mutanen da aka amince da su.

Tafinta: yaron da ke jin Hausa, Zabarmanci, Buzanci ko Fillanci kaɗai yana da haƙƙin tafinta ba tare da biya ba.

Shiru: ba a tilasta masa ya amsa laifi.

Sirri: ba a buɗe zaman shari'arsa ga jama'a da ƴan jarida. Yaɗa hotonsa a WhatsApp ko Facebook keta wannan haƙƙi ne.

Tsarewa: gidan kaso shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci, a raba shi da manya, a bar iyalinsa su ziyarce shi. Alƙali na iya mayar da shi hannun iyaye, ko ya damƙa shi ga wani amintacce ko cibiyar tarbiyya.

Idan zargin ya shafi ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, kamar yadda kan faru a jihar Tilaberi, gwamnati ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairu 2017 kan miƙa irin waɗannan yara ga ma'aikatan kare yara.

Abin da iyaye za su yi

Su isa wurin da ake tsare da yaron ba tare da jinkiri ba, riƙe da katin ɗan ƙasa da duk abin da ke nuna shekarunsa: takardar haihuwa, ta makaranta ko katin rigakafi. Su tambayi abin da ake zarginsa da shi da lokacin da aka kama shi, su nemi a fassara musu kowace takarda kafin sa hannu, su roƙi a naɗa masa mai kariya. Ba a ɗaure uba saboda laifin ɗansa, amma dokar farar hula na iya ɗora wa iyaye biyan diyyar ɓarnar da yaron da ke zaune tare da su ya yi. Wanda aka hana ganin ɗansa, ko aka ƙi sanar da shi, yana iya kai kuka ga mai shigar da ƙara ko ga alƙalin kotun Filinge.