Ƙofar Janairu: Ɗalibi Mai Rauni da Dokar Shekara 3 a Ƙwallon Amurka

A Amurka, daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, Asabar ta jami'o'i ce, Lahadi kuma ta ƙwararru. Wasa iri ɗaya ake yi a ranakun biyu, wato ƙwallon nan tasu da ake rungumewa a ƙirji a ruga, kowa sanye da hular kwano da sulke, ana karo kamar ba gobe. Filin Jami'ar Alabama yana cin mutum sama da 100,000, kuma kusan a cike yake duk ranar wasa. Sai dai shekara da shekaru, wanda ya buga ranar Lahadi ne kaɗai ke karɓar albashi. Na Asabar kuɗin makaranta ake yafe masa, a ba shi ɗaki da abinci, a ce masa ɗalibi ne.

Tsakanin Asabar da Lahadi akwai ƙofa guda, kuma a Janairu take buɗewa. Yaro ba ya shiga gasar ƙwararru ta NFL sai ya cika shekara 3 da gama sakandare. Da ya cika, zaɓi ya rage nasa, ko ya ba da sunansa a tsakiyar Janairu, ko ya zauna ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe a jami'a. In ya ba da suna har wa'adin janyewa ya wuce, babu komawa. A watan Afrilu ƙungiyoyi 32 sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi, zagaye 7, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka, kuma lambar da aka kira sunanka a kai ita ce ke yanke maka albashi. Mu da muka saba da tamaula abin zai yi mana bambaraƙwai, domin Ahmed Musa yana ɗan shekara 18 ya bar Kano Pillars ya tafi VVV-Venlo a 2010, babu wanda ya nemi takardar jami'a a hannunsa.

Wanda wannan zaɓi ya fi yi wa nauyi shi ne kwatabak, wato madugun 'yan wasa, wanda ƙwallo ke fara shiga hannunsa a kowane hari, shi ke jifa, shi ke ba da umarni, shi ne kuma ƙattin ɗaya ɓangaren ke neman dannewa. Shi ya fi kowa tsada. Idan ya ji rauni a shekararsa ta uku, sai gardama ta ɓarke daga gidajen rediyo har shagunan aski: ya tafi da rauninsa a saye shi da rangwame, ko ya zauna ya warke ya sake nuna kansa? Ni dai duk lokacin da na ji wannan gardama, abin da nake fara tambaya shi ne wa ya gina ƙofar, kuma don amfanin wa.

A 1925 aka fara rigimar. A lokacin ƙwallon jami'a ce mai daraja, ta ƙwararru kuwa ana yi mata kallon sana'ar 'yan ci-rani, ba ta tara jama'a. Sai ga Red Grange na Jami'ar Illinois, matashin da kan yi dakon ƙanƙara gida-gida a garinsu Wheaton lokacin hutu, wanda a 1924 ya keta 'yan Michigan ya ci su sau 4 cikin minti 12 na farkon wasa. Ya buga wasansa na ƙarshe na jami'a ranar 21 ga Nuwamba 1925, bai tsaya jiran jarrabawa ba ya sa hannu da Chicago Bears ta George Halas, kwana 5 bayan wancan wasan ya fito musu a fili. Kocinsa Bob Zuppke bai ji daɗi ba, malaman jami'a suka yi ta tsine wa abin. Dillalinsa C. C. Pyle ya shirya masa rangadi na garuruwa, a New York mutum wajen 70,000 suka biya don su gan shi, aka kuma yi ta jera masa wasanni babu hutu har hannunsa ya samu rauni. Ana ƙiyasta abin da ya samu a wannan 'yan watanni ya kai dala 100,000. A 1927 gwiwarsa ta lalace, ya yi shekara guda ba ya wasa, da ya dawo kuma tsohon gudun nan ya tafi. Da ya bi shawarar dattawa ya jira, da wataƙila gwiwar ta riga kuɗin zuwa.

NFL ta ci ribar Grange, amma ta tsorata da fushin jami'o'i, domin daga can take samun 'yan wasa a kyauta, an horar da su an kuma yi musu suna. Shi ya sa a 1926 ta kafa doka cewa ba za a ɗauki ɗalibi ba sai 'yan ajinsu sun kammala karatu. A 1936 aka ƙara da tsarin zaɓe bi da bi, bisa shawarar Bert Bell na Philadelphia, don ƙungiyoyi su daina tsere wajen tayin kuɗi. Wanda aka fara zaɓa, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, ya duba abin da ake biya ya ga bai taka kara ya karya ba, ya kama harkar kasuwancinsa, bai taɓa buga wasan ƙwararru ba.

A ɓangaren jami'o'i kuma hukumar NCAA ce ke riƙe da linzami. An kafa ta a 1906, bayan kakar 1905 da aka yi asarar rayukan 'yan wasa har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa. Don kare lafiyar yara aka kafa ta, amma da kuɗi ya shigo sai ta koma kare aljihun makarantu. A Satumbar 1955 wani ɗan wasan kwalejin Fort Lewis da ke Colorado, Ray Dennison, ya samu bugu a ka a cikin fili, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanada wa ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. A 1957 kotun ƙoli ta jihar ta ce ba ma'aikaci ba ne, domin kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. Walter Byers, wanda ya ja ragamar NCAA tun daga 1951 har sama da shekara 30, ya amsa da bakinsa a littafin da ya fitar a 1995 cewa da gangan suka cusa laƙabin ɗalibi-ɗan-wasa a ko'ina, don kada wata kotu ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Dokar 1926 ta daɗe kafin ta tsage. A 1983 Herschel Walker ya bar Jami'ar Georgia bayan shekara 3 ya shiga wata sabuwar gasa mai suna USFL. A 1989 NFL ta bar Barry Sanders ya shigo da wuri, bayan an hukunta jami'arsa ta Oklahoma State. Da lauyoyinta suka ga tsohuwar dokar ba za ta sha a gaban alƙali ba, sai a 1990 aka sauko da ita zuwa shekara 3. A wannan shekarar wanda aka fara zaɓa kwatabak ne da ya baro jami'a da wuri, Jeff George, kuma daga Illinois ya fito, makarantar Grange.

Akwai wasa guda da nake ganin ya isa a karantar da wannan babi duka, wato na cin kofin ƙasa da aka yi ranar 3 ga Janairu 2003 tsakanin jami'o'in Ohio State da Miami. A cikinsa aka daki gwiwar Willis McGahee na Miami, jijiyoyi 3 suka tsinke a gaban miliyoyin masu kallo. Gab da wasan ya sayi inshorar dala miliyan 2.5, wadda za ta biya shi in har ya haƙura da ƙwallo gaba ɗaya. Bai karɓa ba, bai kuma koma jami'a ba. Ya ba da sunansa da ƙafa a ɗaure, Buffalo Bills ta ɗauke shi a lamba ta 23, ya yi shekara guda yana jinya ana biyansa, sannan ya buga kusan shekara 10. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Maurice Clarett, ɗan ajin farko, wanda ya ci wa Ohio State ƙwallon nasara a daren. Da aka dakatar da shi a kakar da ta biyo baya, sai ya kai NFL ƙara a kan dokar shekara 3. Ya yi nasara a Fabrairun 2004 a gaban Mai shari'a Shira Scheindlin, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuma Sonia Sotomayor, wadda yanzu take Kotun Ƙolin Amurka, ita ta rubuta dalilin: dokar magana ce tsakanin NFL da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasanta. To amma ƙungiyar ƙwadagon ta waɗanda suka riga suka shiga ce, kuma gurabensu yaran ke zuwa nema. Denver ta ɗauki Clarett a 2005, ta sallame shi tun bai buga wasa ko ɗaya ba.

Masu cewa a zauna suna da misalinsu, masu cewa a tafi ma haka. Sam Bradford na Oklahoma ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2008, ya ce zai ƙara shekara. A wasan farko na 2009 kafaɗarsa ta jifa ta samu rauni, ta sake samu a Oktoba a karawarsu da Texas, aka yi masa tiyata. Bai sake gwada sa'arsa ba, ya ba da suna, St. Louis Rams ta ɗauke shi na farko a 2010 a kan dala miliyan 78 na shekara 6, miliyan 50 daga ciki tabbas ne ko ya buga ko bai buga ba. Allah ya rufa masa asiri da lokaci, domin a 2011 aka ƙayyade albashin sababbin shiga, wanda aka fara zaɓa a shekarar, Cam Newton, miliyan 22 ya samu na shekara 4. Matt Barkley na Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuwa ana hasashen yana cikin goman farko lokacin da ya sanar a Disambar 2011 cewa zai zauna. Kakar da ta biyo baya ba ta yi musu kyau ba, kafaɗarsa ta goce a Nuwamba, a 2013 sai a zagaye na 4, lamba ta 98, Philadelphia ta kira sunansa, kwantiraginsa na shekara 4 bai kai dala miliyan 3 ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ƙayyade albashin nan na 2011 ya sauya lissafi ta wata fuskar da ba kowa ya lura ba. Babban kuɗi ya koma kwantiragi na biyu, wanda ba a isa gare shi sai an yi 'yan shekaru a NFL. Ke nan duk shekarar da yaro ya ƙara a jami'a, ya jinkirta ranar cin kasuwarsa ne, a sana'ar da jiki ke saurin ƙarewa.

Da wannan lissafi Tua Tagovailoa, kwatabak ɗin Jami'ar Alabama, ya yi karo. Ɗan Hawaii ne, asalin iyayensa Samoa, bahago ne wajen jifa, kuma tun yana ajin farko ya shigo bayan hutun rabin lokaci ya ciwo wa Alabama kofin ƙasa a hannun Georgia a Janairun 2018. Ranar 16 ga Nuwamba 2019, suna gaban Mississippi State da 35 da 7, saura ƙiris a tafi hutu, mutum biyu suka danne shi ta baya, ƙugunsa na dama ya goce, ƙashin kwatangwalo ya tsage. Kocinsa Nick Saban, wanda albashinsa a shekarar ya haura dala miliyan 8, ya ce dama harin ƙarshe ke nan da ya yi niyyar barinsa ya buga. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi Birmingham, aka yi masa tiyata a Houston. Mutane suka tuna Bo Jackson, wanda raunin ƙugu ya raba shi da wannan wasa a 1991. Kafin nan ma an riga an yi wa Tua aiki a idon sawunsa duka biyu. Ranar 6 ga Janairu 2020 ya ce zai tafi, Miami Dolphins ta ɗauke shi na 5, ta ba shi kusan dala miliyan 30, duka tabbas. Bugun kai ya dame shi a 2022, duk da haka a 2024 ya sa hannu a kan sama da miliyan 212.

Ni a ganina daidai ya yi, kuma da zaɓen bai yi masa kyau ba ma haka zan ce. Da ya zauna, ƙugun da aka ɗinke zai sake kai wa ƙatti su gwada, a kyauta, kuma in ya sake gocewa asarar tasa ce shi kaɗai. Maganar karatu ba ƙarya ba ce, domin cikin 'yan wasan jami'a waɗanda ke kaiwa NFL ba su cika 2 cikin 100 ba, sauran digirin ne jarinsu. Amma ba a kansu ake gardamar Janairu ba. Aji yana jiran mutum, Cam Newton ya koma Auburn ya karɓi digirinsa a 2015. Justin Herbert, wanda aka zaɓa na 6 a bayan Tua, ya zauna ya gama karatunsa a Oregon bai yi asarar komai ba, sai dai shi da lafiyarsa ya yanke shawarar.

Bayan tafiyar Tua da shekara ɗaya da rabi ƙasa ta motsa. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli su 9 suka haɗu baki ɗaya suka kayar da NCAA a shari'ar Alston, daga 1 ga Yuli kuma aka bar ɗalibai su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A 2025 Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 kai tsaye a shekarar farko. Dokar shekara 3 tana nan daram, amma zama ya daina zama aikin banza. A Disambar 2024 Carson Beck, kwatabak ɗin Georgia, ya ji rauni a gwiwar hannunsa na jifa a wasan da suka yi da Texas a Atlanta, aka yi masa tiyata. Ya sanar cewa zai shiga zaɓen NFL, kafin mako 2 ya cika ya janye, ya koma Jami'ar Miami. Jaridu sun ce wajen dala miliyan 4 aka yi masa alkawari na shekara guda, fiye da abin da Barkley ya sa hannu a kai na shekara 4 a Philadelphia.