Tubar John Newton

An haifi John Newton a Landan a shekarar 1725. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne, uwarsa kuwa mai ibada, amma ta rasu tun bai cika shekara bakwai ba. Yaro ya tashi cikin matuƙan jirgi, ya zama gagararre, ba ya jin maganar kowa. A 1744 aka kama shi aikin sojan ruwa tilas. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala gaban jama'a. Daga nan ya faɗa hannun wani Bature mai fataucin bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, inda ya sha yunwa da wulaƙanci, har bayin da ke ɗaure su kan ji tausayinsa su ba shi abinci a ɓoye.

A watan Maris na 1748 yana cikin jirgi mai suna Greyhound za su Ingila, sai hadiri ya taso musu da dare. Jirgi ya fashe a gefe, ruwa na shiga, suna ta kwarfewa. A nan ne mutumin da ya saba yi wa addini ba'a ya roƙi Ubangiji jinƙai. Da ƙyar suka kai gaɓar Ailan. Har ya mutu ya riƙa tuna wannan rana kowace shekara.

To, masu ba da labarin nan su kan so su tsaya nan, wai ya tuba ya bar cinikin bayi. Ba haka aka yi ba. Bayan hadirin ne ma ya sami shugabancin jirgin bayi, ya yi tafiya uku daga 1750 zuwa 1754. Yana bisa yana karanta Littafi Mai Tsarki, mutane kuwa suna ƙasa cikin mari. Ya daina zagi da caca, amma bai ga laifin sana'arsa ba. Abin da ya raba shi da teku ma ciwo ne. Shi kansa ya yarda daga baya cewa a lokacin nan bai zama mai bi na sosai ba tukuna.

A 1764 ya zama limamin majami'a a garin Olney. Can ya tsara waƙar nan Amazing Grace, aka buga ta a 1779. Kalmar da waƙar ta ginu a kai ita ce Kiristocin Hausa ke ce wa alheri, watau gafarar da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba.

Sai a 1788, shekara 34 bayan ya bar jirgi, ya buga ɗan littafi ya fallasa abin da ya gani da abin da hannunsa ya aikata, aka raba wa 'yan Majalisa. A ganina shirun nan ya yi tsawo ƙwarai. Amma shaidarsa ta yi nauyi, don ba ta mai jin labari ba ce. Shi ne kuma ya ba William Wilberforce shawara kada ya bar Majalisa. Aka yi dokar hana fataucin bayi a Maris na 1807, Newton ya rasu a Disamba na shekarar, ya tsufa, idonsa ya kusa mutuwa.