Makiyayi, Teku da Hayaƙin Masana'antu: Tarihin Muhawara a kan Farin Sahel

Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata tambaya wadda masana suka daɗe suna kai-kawo a kanta, watau, mene ne ya haddasa farin da ya addabi ƙasashen Sahel tun daga 1968 har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Amsar da aka bayar ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma kowace amsa akwai wanda ta ɗora wa laifi. Ba za a gane yadda ta sauya ba sai an fara duba wani tarihi da ya girme ta, na yadda aka gano cewa wasu iskoki a sararin sama suna riƙe zafi. Saboda haka daga can za mu faro.

Iskoki masu riƙe zafi

A 1824 ne Joseph Fourier, masanin lissafi Bafaranshe, ya lura cewa ɗumin duniya ya zarce abin da nisanta da rana ya kamata ya ba ta, ya kuma zaci cewa iskar da ta lulluɓe ta ce ke tare zafin. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika kwalabe da iskoki dabam-dabam ta ajiye a rana, sai ta ga wadda ke ɗauke da iskar kabon, watau irin wadda ke fita in an ƙona itace ko kwal ko man fetur, ta fi sauran zafi, ta kuma fi daɗewa ba ta huce ba. Namiji ne ya karanta takardar tata a gaban taron masana, daga nan aka manta da aikin har shekara fiye da 150. A 1859 John Tyndall ya tabbatar da gwaji a Landan cewa tururin ruwa da iskar kabon suna barin hasken rana ya shigo, amma suna tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Duk wanda ya taɓa kwana a fili da hunturu ya ɗanɗani wani ɓangare na wannan ko bai taɓa jin sunan Tyndall ba, domin iska ta bushe, babu tururin da zai tare zafi, sai a wayi gari ana makyarkyata.

Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, shi ya fara yin lissafin a 1896, ya ce in an ninka iskar kabon da ke sama, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin santigiret. Abin lura a nan shi ne bai ɗauki wannan abin tsoro ba. Mutumin ƙasar sanyi ne, a wurinsa ƙarin ɗumi alheri ne. Haka ma Guy Callendar, injiniya Bature na Ingila, wanda ya tara alƙaluman tashoshi 147 ya nuna a 1938 cewa duniya ta soma ɗumama. Masana ba su kula shi ƙwarai ba. Abin da ya kashe gardama shi ne awon da Charles Keeling ya fara a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi a 1958. Ya tarar da iskar kabon wajen kashi 315 cikin miliyan, alhali kafin zamanin masana'antu wajen 280 take. A 2013 ta taɓa 400, a 2024 kuwa ta haura 420.

Fari da waɗanda aka zarga

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, tana nan a bakin tarihi. Amma na 1968 zuwa 1974 ya zo ne bayan shekaru wajen ashirin na damina mai albarka, lokacin da noma ya miƙa arewa, garkuna suka yawaita. Da ruwa ya ɗauke, musamman a 1972 da 1973, dabbobi suka mutu ba adadi, Buzaye da Fulani suka kwararo kudu, Tafkin Chadi ya rabu gida biyu. A 1973 ƙasashen yankin suka kafa kwamitin yaƙi da fari a Wagadugu, a Afrilun 1974 kuma soja ƙarƙashin Seyni Kountché suka hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar, suna masu kafa hujja, a cikin wasu abubuwa, da yadda aka tafiyar da abincin agaji. Farin ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984.

To, da aka tashi neman dalili, sai aka tarar da amsa a ajiye tun zamanin mulkin mallaka. A 1935 wani malamin daji, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na cin ƙasa zuwa kudu saboda sassabe da ƙona daji da kiwo. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ba ta ga shaidar haka ba, amma an fi tuna zargin da rahoton da ya ƙaryata shi. A 1975 Jule Charney, ɗaya daga cikin manyan masana yanayi na Amurka, ya ba zargin ƙafar tsayawa ta kimiyya. A bayaninsa, in dabbobi suka cinye ciyawa sai farin rairayi ya bayyana, shi kuwa farin rairayi yana mayar da hasken rana sama fiye da ƙasa mai ciyayi, sai iskar da ke bisansa ta yi sanyi ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa, rashin ruwa ya ƙara kashe ciyawa. Charney hasashe ya gabatar, ya kuma gwada shi da lissafin kwamfuta, amma da maganar ta kai ofisoshin masu ba da agaji sai ta zama hukunci. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya fi mai da hankali ga abin da mazauna yankin ke yi wa ƙasarsu. A ganinmu wannan bayani ya sami karɓuwa ne domin ya yi wa kowa daɗi, ban da makiyayi da manomi waɗanda ba a gayyata wurin taron ba.

Wani abin sha'awa shi ne Charney ɗin nan ne ya shugabanci kwamitin masana na Amurka wanda ya ƙiyasta a 1979 cewa ninka iskar kabon zai ƙara zafin duniya da digiri 1.5 zuwa 4.5. A lokacin ana ɗaukar batutuwan biyu kamar ba su haɗa hanya ba.

Teku da hayaƙi

A 1986 wasu masana uku na hukumar yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna zuwa ne sa'ad da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. Hotunan tauraron ɗan Adam da aka nazarta a 1991 suka nuna bakin Sahara yana gaba yana baya ne gwargwadon ruwan kowace shekara. Daɗin daɗawa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin gonakin karkarar Kano, ya tarar manoma suna riƙe da itatuwansu da takinsu duk da yawan jama'a. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka sa zafin tekuna kaɗai a cikin lissafin kwamfuta, ba tare da wani sauyi a doron ƙasa ba, sai ga farin ya fito kusan yadda ya auku.

Saura tambaya guda: me ya sauya tekunan? A nan ne tarihin farko ya haɗu da na biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Turai da Amurka sun ƙona kwal mai yawa, kuma bututu ɗaya ke fitar da abu biyu. Akwai iskar kabon mai riƙe zafi, wadda ta taimaka wajen ɗumama tekunan yankin zafi, musamman Tekun Indiya. Akwai kuma ƙurar farar wuta, wadda ke tare hasken rana, ta sanyaya arewacin Tekun Atlantika. Iskar damina tana bin inda teku ya fi ɗumi, saboda haka sai hadarin ya tsaya kudu. Har yanzu masana na gardama a kan rabon da kowanne ya ɗauka, da rabon juyin da teku ke yi bisa ɗabi'arsa, kuma babu mai cewa kiwo da sare itace ba sa lalata ƙasa a inda suka yi yawa. Sai dai nauyin hujja ya tashi daga kan makiyayi. Nahiyar Afirka duka kuwa ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da aka tara a sama tun farkon zamanin masana'antu ba.

Da aka kafa dokokin rage ƙurar farar wuta a Turai da Amurka, ruwa ya ɗan dawo Sahel daga shekarun 1990, amma da wata sura dabam. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadurra masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin tun 1982, aka kuma danganta haka da ƙarin zafin Sahara. Yamai ta sha ambaliya a 2020, jihohi da dama na Nijeriya a 2022, sannan a Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri.